ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: TARIHIN SAƘO TSAKANIN GIDA DA 'YA'YANSA NA NESA

 Mafi yawanmu masu karanta wannan mujalla ba a Baure muke kwana ba. Wani yana Kano, wani Kaduna, wani Abuja ko Legas ko Fatakwal, wani ma ya tsallaka teku. A cikinmu akwai wanda ya bar gida yana ɗan makaranta, yau ga shi da furfura. Akwai kuma wanda aka haifa a birni, bai san Baure ba sai a bakin mahaifinsa. Don haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi wani al'amari da ya shafi kowannenmu. A zamanin da babu waya a aljihu, babu kwalta a hanya, yaya magabata da suka yi nisa suke riƙe da igiyar gida? Me suke aikowa, wa yake kawowa, kuma me ya sami waɗanda suka saki igiyar?

Abin da tarihi ya nuna shi ne, zumuncin nesa abu ne mai tsada, wanda ake biya da gumi da dukiya da haƙuri. Waɗanda suka biya sun tarar da ƙofa a buɗe ranar da duniya ta juya musu baya. Za mu bi sawun wannan tarihi daga nan ƙasarmu har Gwanja da Sudan, sa'an nan mu leƙa wata ƙasa ta Turai wadda 'ya'yanta suka watsu a duniya kamar namu, don mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

Baure ta san ɗacin rabuwa

Kafin mu yi zancen waɗanda suka tafi nesa, ya kamata mu tuna cewa garinmu kansa ya ɗanɗani rabuwar 'yan'uwa. A zamanin jihadi, wajen shekarar 1805, Malam Ishaku ya karɓi birnin Daura, sarkin lokacin, Abdu wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa. Bayan shekaru ana ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, wani reshe na tsohon gidan sarautar ya zauna a Zango, wani ya zauna a Baure. Ƙasar da take ɗaya ta zama uku, Zango da Baure kuma suka shiga inuwar Damagaram. Masanin nan M. G. Smith ya yi dogon bayani a kan wannan zamani a littafinsa *The Affairs of Daura* na 1978. Sai a 1906 Turawan Ingila suka mayar da sarautar Daura ga tsohon gidan, suka ɗauko Malam Musa daga Zango, Baure kuma ta koma ƙarƙashin Daura.

Wata rabuwar na ɗinkewa, wata na tsagewa. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Layin ya ratsa ta arewacinmu, ya bar Magarya da ƙauyukanta a hannun Faransa. Aka wayi gari wa yana biyan haraji ga Ingilishi, ƙane yana biya ga Faransi, alhali kakansu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. Lokacin da aikin tilas ya tsananta a ɓangaren Faransa, kafin a soke shi a 1946, iyalai da dama sun tsallako sun sauka a gidajen dangi a wannan ɓangare, ba wanda ya tambaye su takarda. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har cikin 2024. Duk da haka, duk wanda ya san Babban Mutum ya san cewa ba a taɓa rufe hanyar gaisuwar mutuwa da ta kai amarya ba.

Fatake da zango

Tsohuwar hanyar nesa ta Bahaushe ita ce ta Gwanja, a arewacin Gana ta yau, inda kasuwar Salaga ta shahara da goro. Ayari yakan tashi da jakai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a ƙarƙashin madugu, da jagaba mai duba hanya, da malami mai rubutu da addu'a. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara. Wasu fatake sukan ga wurin ya karɓe su, su yi aure, su gina gida, su zama masu saukar da baƙi. Da haka zango ya tashi daga wurin kwana ya zama unguwa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, wato babban birnin Gana. A can ne Malam Baƙo, wanda mahaifinsa Malam Na'inno mutumin Katsina ne, ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910.

A wancan zamani ayari shi ne gidan waya. Mai zama a zango yakan jira fataken garinsu kamar yadda manomi yake jiran hadari. Idan sun sauka, ba a fara ciniki sai an gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya: wa ya rasu, wa ya haihu, yaya damina ta yi. Idan za su koma, sai ya ɗaura musu huhun goro na mahaifi, turmin zane na mahaifiya, da takarda da ajami wadda aka naɗe kamar laya. Rubuta wasiƙa ya zama fanni mai ƙa'ida, har Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya wallafa littafi da Larabci kan tsarin rubuta ta tun yana saurayi. Ɗan fatake ne shi, ya san abin da takarda take nufi ga mai nisa.

Labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya isa misali kan yadda iyali guda yake rabuwa biyu. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta tafi fatauci Ankara, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya sami laƙabinsa. Da ya tasa, sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Tafiyar da ya fara domin zumunci ita ta buɗe masa hanyar kasuwanci, daga baya ya dawo Kano ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, har rasuwarsa a 1955.

Hanyar gabas

Idan hanyar Gwanja ta neman dukiya ce, hanyar gabas ta neman lahira ce, ita ce kuma ta fi raba uwa da ɗa. Mai niyyar hajji ta ƙasa yakan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya kai bakin Bahar Maliya. Yakan tsaya a hanya ya yi noma ko ƙwadago don ya ƙara guzuri, shi ya sa tafiyar takan ci shekaru. Kafin ya tashi yakan biya basussuka, ya bar wasiyya, ya zagaya gida-gida a yafi juna, domin mai tafiya da mai rakiya duk sun san mai yiwuwa ganin ƙarshe ke nan.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, dubban mutanen ƙasar Hausa suka sami abin yi a can, zaman wata uku ya zama na shekara talatin. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne da suke kan hanyar Makka.

Saƙon waɗannan bayin Allah alhazai masu dawowa ne suke kawo shi, wani lokaci bayan shekara biyar ko goma. Sau da yawa takarda takan iso ta tarar wanda aka rubuta wa ya riga mu gidan gaskiya. A gidajenmu da yawa akwai sunan wani kaka ko wata gwaggo da aka ce ta tafi gabas, daga nan labari ya yanke. Zuriyarsu na can suna jin Hausa, amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Jirgin ƙasa, cin rani da takarda

Zuwan Turawa ya sauya fasalin tafiya. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Haraji kuma ya zama sai da kuɗi. Saurayi da ya gama girbi ba shi da dalilin zama, sai ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya tafi cin rani, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce ko gadi, ya dawo kafin ruwan shuka. Wasu suka nufi haƙar kuza a Jos, inda tsakanin 1942 da 1944 har da tilas aka riƙa kai mutane. Wasu aka ɗauke su soja zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu. Wasu suka gangara Kurmi, inda aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Shekarun yunwa, irin su 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da na 1984, kowanne ya ƙara tura mutane kan hanya.

Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga amana da saurin labari tsakanin Kudu da Arewa. Hanyar da farashin goro yake bi ita saƙon iyali yake bi. Maigidan da yake saukar da baƙi shi ne adireshin kowa: a wurinsa ake ajiye kuɗi, a wurinsa ake tambayar wanda ya ɓace, shi yake tsayawa a yi wa baƙo sutura idan ta Allah ta kasance.

Wasiƙar wancan lokaci tana da tsari da dattawanmu ba su manta ba. Takan fara da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Daga nan sai a jero sunayen mutanen gida bisa girma, domin tsallake sunan baffa ko gwaggo laifi ne da za a daɗe ana zancensa. Sai can ƙasa ake zuwa ga batu: ga sule kaza na haraji, ga na gyaran ɗaki, kada a sayar da gonar fadama, a gaya wa iyayen yarinya su ƙara haƙuri zuwa kaka. Mai aikawa sau da yawa bai iya rubutu ba, mai karɓa bai iya karatu ba. Malamin zaure ko ɗan makarantar boko shi yake rubutawa, wani irinsa ya karanta a gaban jama'a. Ga wanda ya bi ta gidan waya kuwa, sai an sayi ambulan da kan sarki, a aika ta hannun wani malamin makaranta ko ma'aikacin En'e, takardar ta kwana a Daura kafin ta sami mai kawo ta ƙauye.

Saƙo bai taɓa zama mai hanya ɗaya ba. Daga can ana aiko da goro da atamfa da sabulu da kwanon sha da fitilar ƙwai, daga baya keke da rediyo. Daga nan gida ana aika daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli da man shanu a ƙwarya, don mai nisa ya ji ƙanshin miyar mahaifiyarsa. Mafi nauyin saƙo kuwa mutum ne. Ana aiko da yaro gida a ba kaka riƙo don ya yi karatun allo, ya koyi noma, ya san danginsa. Ana kai wa saurayi 'yar kawunsa can inda yake, don kada zuriya ta ɓace a baƙon wuri. Riƙo da auren zumunci su ne ƙullin da ya fi kowace takarda ƙarfi.

Dole mu faɗi ɗaya gefen. Nauyin tafiya a kan mata ya fi sauka. Matar da mijinta ya tafi ita take zama da surukai, ta yi daka, ta yi raino, tana sauraren ƙarar kowace mota. Idan saƙo ya zo, a hannun wan miji yake sauka, sai abin da aka ga dama ya iso ɗakinta. Idan shiru ya yi yawa, ba ci ba sutura ba labari, alƙali yakan raba auren. Yara nawa ne suka tashi ba su san fuskar uba ba, alhali yana raye a wani gari, kunyar dawowa hannu biyu ce ta hana shi ko aiko da gaisuwa? Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Rediyo, kaset da waya

Da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya buɗe a 1962, sai gaisuwa ta sami fukafukai. Shirin Zaɓi Sonka ya zama dandalin da ɗan cin rani a Kurmi yake gaida iyayensa da sunansu da sunan ƙauyensu, mutanen gari su ji a majalisa, a aika yaro da gudu ya sanar da gida. Jin sunan kaɗai ya isa shaida cewa mutum yana raye.

A shekarun 1970 da 1980 sai kaset ya shigo, kuma mu da muka ga wannan zamani mun san abin da ya yi. Direban da ya taso daga Legas, ko alhajin da ya dawo daga Makka, yakan miƙa kaset a naɗe cikin leda. Bayan sallar isha'i a aro rikoda, a sayi batir, a taru a tsakar gida. Sai a ji murya: "Inna, ina gaishe ki da kyau. Baba, Allah Ya ƙara girma. Yaya, na ji saƙonka, na gode." Tsohuwa takan amsa wa rikodar kamar mai maganar yana gabanta. Washegari a juya kaset ɗin, kowa ya faɗi nasa, har yara a sa su yi karatun allo don uba ya ji inda suka kai. Kaset ya yi abin da takarda ta kasa, domin ya ba mace damar yin magana da bakinta ba tare da marubuci a tsakani ba.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001. Kafin ta kai ƙauyuka, mutane sun sha hawa tudu neman layi, sun sha bin layi a rumfar mai waya. Yau kuwa ana tura kuɗi ta banki a cikin minti ɗaya, ana aika murya da hoto ta WhatsApp. Abin da ayari yake kaiwa a wata shida ya zama na ƙiftawar ido.

Abin da mutanen Ayalan suka yi

Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Wasu daga cikinmu sun san mutanensa ta hanyar makarantar St. Louis ta Kano, wadda matan mishan daga can suka kafa a 1948. Tarihinsu ya yi kama da namu ta wajen barin gida. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakansu. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira, galibi zuwa Amurka da Kanada da Ingila, wasu zuwa Ostareliya. Ƙasar da take da mutum sama da miliyan 8 a ƙidayar 1841 ta koma wajen miliyan 6 da rabi a 1851, aka kuma ci gaba da fita shekara da shekaru.

Daren da mutum zai tashi zuwa Amurka, dangi sukan kwana tare ana kuka ana ban kwana, har suka ba wannan dare suna irin na zaman makoki, kamar dai rakiyar mai tafiya gabas a wurinmu. Bayan an sauka kuwa, wasiƙar Amurka ita ce abin jira a kowane ƙauye. Maƙwabcin da ya iya karatu yakan karanta ta a gaban jama'a. A cikinta akwai kuɗin hayar gona, da tikitin jirgin ruwa da aka riga aka biya wa ƙane ko ƙanwa. 'Yan mata masu aikatau a gidajen New York da Boston suna cikin waɗanda suka fi aikawa. A 1850 suka kafa bankin ajiya na 'yan hijira a New York. Wata jarida ta Boston mai suna *The Pilot* kuma ta ware shafi na neman waɗanda suka ɓace, daga 1831 zuwa 1921, inda aka buga cigiya sama da 40,000: uwa tana neman ɗa, mata tana neman miji. Su ma ke nan igiya ta tsinke wa da yawansu.

Inda suka sha gabanmu shi ne adanawa. Sun ɓoye wasiƙun kakanninsu a akwatuna har masana suka zo suka tattara. David Fitzpatrick ya fitar da littafi a 1994 daga wasiƙun da suka gudana tsakanin Ayalan da Ostareliya. Kerby Miller ya shafe shekaru yana tara irinsu daga Amurka, ya miƙa wa Jami'ar Galway, wadda a 2024 ta sa kimanin 7,000 a intanet don kowa ya karanta. Mary Robinson kuma, da ta zama shugabar ƙasa a 1990, ta sa aka kunna fitila a tagar fadar shugaban ƙasa domin 'ya'yan ƙasar da ke waje, alamar cewa gida bai manta da su ba. Jikan wanda ya tafi a 1850 yana iya zuwa yau ya tsaya a kan kangon gidan kakansa. Mu fa, ina takardun ajamin da aka aiko daga Kumasi? Ina kaset-kaset ɗin da ke ɗauke da muryoyin iyayenmu? Gara da ruwan sama sun ci rabi, sauran suna ƙasan adaka suna jiran nasu rabon.

Ranar da aka nemi gida

Mai ganin zumunci ɓata lokaci ne, ya tuna watan Nuwamba na 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Dubun dubatar mutane suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Wanda mahaifinsa ya riƙa aiko da goro da gaisuwa ya tarar da ɗaki da gona da dangi masu cewa maraba. Wanda aka yanke hulɗa tun zamanin kakansa ya sauka a tasha yana tambayar sunan ƙauyen da ba wanda ya san shi a ciki. Irin haka ta sake faruwa a cikin gida: Shagamu a 1999, Jos a 2001, Idi-Araba ta Legas a 2002. A kowane karo manyan motoci sun nufo Arewa cike da mata da yara, kowa gida yake nema. Ba fata muke yi ba, Allah Ya kiyaye, amma wanda ya gina bene a birni ya bar ɗakin mahaifinsa ya rushe bai karanta tarihi ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, kakanninmu sun sada zumunci da jaki da ƙafa, mu kuwa da waya a hannu sai mu shekara ba mu ji muryar gwaggo ba. Sauƙin tura kuɗi ya sa wasunmu suna ganin sun sauke nauyi da zarar saƙon banki ya shiga. Tsohuwa kuwa ba kuɗin kaɗai take jira ba, tana so ta ɗora jikanta a cinya, ta yi masa wasan kaka. Da yawa daga 'ya'yanmu ba su san gonar gado ba, ba su san maƙabartar da kakanninsu suke kwance ba, wasu ma Hausar tana yi musu nauyi a baki.

Saboda haka muna ba ƙungiya da kowane ɗanta shawara huɗu. Ta farko, kowa ya binciki adakar gidansu a zuwansa na gaba, ya fito da tsofaffin wasiƙu da hotuna da kaset, a ɗauki hotonsu, a juye muryoyin a kwamfuta, da izinin masu su, a ajiye kwafi a hannun ƙungiya. Ta biyu, a zauna da dattawan da suka rage a Baure da Babban Mutum da Garki da 'Yanduna da sauran garuruwanmu, a naɗi labarin waɗanda suka tafi Gwanja da gabas da Kurmi, da sunayen garuruwan da suka sauka, ko Allah Zai sa a gano zuriyarsu. Ta uku, kowane reshe na ƙungiya ya riƙe rijistar 'yan gida da ke garinsa, har da ɗan cin rani da almajiri, don kada a sake samun wanda zai kwanta ciwo ko ya rasu a baƙon wuri ba a sani ba. Wannan shi ne aikin da maigidan zango yake yi, mu ne magadansa. Ta huɗu, mu kawo 'ya'yanmu gida, ko sau ɗaya a shekara, su kwana, su sha fura, su zagaya dangi da ƙafarsu, har na tsallaken iyaka.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, sun kuma nuna haka da tafiyar wata shida. Daga Kano ko Abuja zuwa Baure yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, Ya saka wa iyayen da suka yi jira da alheri, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Allah Ya ɗaukaka Baure da masarautar Daura baki ɗaya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.